Wa Ya Taɓa Saitin? Yadda Ake Bibiyar Canje-canje a Girgijen Intanet

Duk wanda yake cikin wani zaure na WhatsApp ya san wannan: ana cikin hira, sai ga ɗan rubutu a tsakiyar allo cewa wane ya canza sunan zauren, ko ya hana kowa tura saƙo sai shugabanni. Ba a buƙatar gardama. Sunan wanda ya yi yana nan, abin da ya canza yana nan. Da a ce babu wannan ɗan rubutu, da kullum ana cikin nuna wa juna yatsa.

To, manhajojin da ke cikin wayoyinmu su ma suna da irin wannan saiti, sai dai nasu yana can cikin manyan kwamfutoci, kuma idan aka taɓa shi ba daidai ba, abin da zai salwanta ya wuce sunan zaure. Hotunan mutane ne, lambobin wayarsu, katin shaidarsu, wani lokaci har da kuɗinsu. Wannan darasi zai nuna yadda ake ajiye tarihin duk wani canji da aka yi wa saitin, domin matashin da ya fara gina manhaja ko yake shirin farawa.

Mene ne girgije, mene ne saiti?

Abin da ake kira girgijen intanet ba a sama yake ba. Kwamfutoci ne dubbai jere a cikin manyan gine-gine, waɗanda kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft suke bayarwa haya. Maimakon mutum ya sayi sabar, ya nemi janareto da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya kama hayar wani yanki ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Sashen Amazon mai wannan sana'a shi ne AWS. Ya buɗe yankinsa na farko a Afirka a birnin Cape Town cikin Afrilun 2020, sannan ya buɗe ƙaramar cibiya a Legas a 2023. A gida kuma, kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone yana da cibiyoyin ajiyar bayanai a Abuja da Kano.

Duk abin da mutum ya kama haya a girgije kadara ce: sabar da manhaja ke gudana a kai, rumbun ajiyar fayiloli, taskar bayanai, katangar tsaro, da asusun kowane ma'aikaci. Kowace kadara tana da saitinta. Saitin shi ke cewa wa zai iya shiga, ta wace ƙofa, daga ina, kuma me aka yarje masa ya yi.

Akwai ƙa'idar da kamfanonin nan suke aiki da ita: su ne ke tsare ginin da injinan, amma kulle ƙofar ɗakin da aka kama haya aikin ɗan haya ne. Idan mai shago a kasuwar Bodinga ya tafi gida ya bar shagonsa a buɗe, ba zai kama maigadin kasuwa da laifi ba.

Abin da canji ɗaya yake jawowa

Ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin intanet na MainOne da ke Legas yana gyaran hanyoyin sadarwarsa, sai aka yi kuskure a saiti. Nan take wani ɓangare na zirga-zirgar bayanan da ke nufin Google ya karkata, ya bi ta Rasha da Sin, ayyukan Google suka tsaya wa mutane a wurare da dama. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne, ya kuma ce an gyara cikin minti 74.

Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke ɗif na kimanin awa 6. Mutane da yawa a nan sun ɗauka datarsu ce ta ƙare ko sabis ne ya gudu. Ashe wani umarni ne aka bayar lokacin gyara, ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin, kuma manhajar da ya kamata ta tare irin wannan umarni ita ma tana da matsala.

Na kusa da mu shi ne na 2022. Masu bincike na shafin Website Planet sun bayar da rahoton cewa rumbunan ajiya na AWS mallakar PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, suna buɗe ba tare da kalmar sirri ba, ɗauke da fayiloli sama da 75,000, ciki har da hotuna da takardun shaidar mutanen da suka yi rajista.

A duka ukun babu wanda ya fasa ƙofa. Saiti ne ya zama ba yadda ya kamata ba. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tambayoyi huɗu

Mutanen Sifawa ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. A wannan gari Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa littattafai kafin ya koma Sakkwato a 1815. A wancan zamani da hannu ake juyar littafi, don haka masu juya suna da tsarinsu. Idan an gama, sai a gwada sabon kwafi da na asali, wato muƙabala. Inda aka sami kuskure, sai a rubuta gyaran a gefen shafi yadda kowa zai gani. A ƙarshe kuma sau da yawa mai juyar yakan rubuta sunansa, wani lokaci har da ranar da ya kammala. Wanda ya leƙa tsofaffin rubuce-rubucen da ke gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga irin wannan.

Bibiyar canji a girgije ita ce wannan dabara, sai dai na'ura ce ke rubutawa. Duk tsarin da ya amsa sunansa dole ya iya amsa tambayoyi huɗu:

1. Me aka canza?
2. Wa ya canza?
3. Yaushe aka canza?
4. Yaya yake kafin a canza?

Ta huɗun ita ce mutane suka fi mantawa, alhali da ita ake mayar da abu yadda yake. Sanin mai laifi ba ya gyara manhaja. Sanin tsohon saiti shi ke gyarawa.

Misali daga Sifawa

A ɗauka wani matashi a Sifawa ya gina wa ƙungiyar manoma manhajar rajista. Kowane manomi yana da suna, lambar waya, hoto da hoton katin shaida a ciki. Manhajar tana kan ƙaramar sabar ta AWS, hotunan kuma suna cikin rumbun ajiya da ake kira S3. Yana da abokin aiki a Sakkwato wanda yake taya shi.

Da farko ya kulle komai. Ƙofa mai lamba 22, wadda ta nan ake shiga sabar a ba ta umarni, ya saita ta yadda adireshin intanet ɗinsa kaɗai za ta karɓa. Sai dai duk mai amfani da datar waya ya san adireshin ba ya tsayawa. Da zarar sabis ya ɗauke ya dawo, ko aka sauya layi, sai ya canza. Wani dare abokin ya kasa shiga, ya gaji, sai ya rubuta 0.0.0.0/0 a gurbin adireshi, da niyyar gobe zai mayar. Ma'anar wannan lamba ita ce kowa a duniya yana iya ƙwanƙwasa ƙofar. Bayan mako guda hotuna suka ƙi fitowa a manhaja, sai ɗayansu ya buɗe rumbun ga kowa don ya gwada. Hotuna suka fito, aka yi murna, aka manta.

Wata 3 bayan nan, wani manomi daga Shagari ya kawo ƙara: an kira shi a waya, an faɗa masa cikakken sunansa da lambar katinsa, an ce ya turo kuɗi za a ba shi taki. Shugaban ƙungiya ya kira matashin ya ce, “Kai, yaro, me ke faruwa? Ina mutanen nan suka samo sunayenmu?”

Idan ba a kunna rajistar canji ba, amsar da zai bayar ita ce bai sani ba. Bai san ko daga wurinsa ne ba, bai san tun yaushe rumbun yake buɗe ba, bai san wa ya buɗe ba. Zumunci tsakaninsa da abokinsa ya shiga haɗari, amanar da ƙungiya ta ba shi ta zube. Idan kuwa an kunna, cikin minti 10 zai ga rana da lokacin da aka buɗe, da asusun da ya buɗe, da yadda saitin yake kafin nan. Kuma da ya haɗa ƙararrawa, da tun a ranar saƙo ya shigo masa.

Kundi biyu na AWS

AWS yana da kayan aiki biyu da masu koyo suke yawan rikita su.

Na farko CloudTrail. Shi kamar littafin maigadi ne a bakin ƙofa: yana rubuta kowane umarni da aka bayar, da asusun da ya bayar, da lokaci, da adireshin intanet ɗin da ya fito. Yana kunne da kansa a kowane asusu, kuma yana nuna umarnin gudanarwa na kwana 90 da suka wuce kyauta, a wurin da aka rubuta Event history. Bayan kwana 90 sun ɓace, sai dai idan an ƙirƙiri abin da ake kira Trail, wanda ke kwashe su zuwa rumbun S3.

Na biyu AWS Config, wanda aka gabatar a ƙarshen 2014. Shi kamar mai ɗaukar hoto ne. Duk lokacin da saitin wata kadara ya canza, sai ya ɗauki cikakken hoton yadda take, ya ajiye tare da lokaci. Idan aka jera hotunan, sai su zama tarihin kadarar, ana iya ɗora na jiya da na yau a ga bambanci, layi da layi. Yana kuma nuna dangantaka: wace katangar tsaro ce ke manne da wace sabar.

A taƙaice, CloudTrail yana amsa wa da yaushe, Config yana amsa me da yaya yake a da. Sai an haɗa su ake samun amsoshin nan huɗu.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan darasi: Config ba ya kunna kansa, kuma ba ya komawa baya. Daga ranar da aka kunna shi yake fara rubutu. Wanda ya jira sai matsala ta faru zai tarar da littafi fari fat.

Yadda ake kunna shi

Ana iya yin wannan ko da a waya ne, idan aka buɗe Chrome aka zaɓi Desktop site.

1. A shiga asusun AWS, a duba sama a tabbatar an zaɓi yankin da kadarorin suke. Config yanki-yanki yake aiki. Wanda aka kunna a Ireland ba ya ganin abin da ke Cape Town.
2. A rubuta Config a wurin bincike, a buɗe shi, a danna Get started.
3. A zaɓi kadarorin da za a bibiya. Ga ƙaramin aiki, ana iya taƙaitawa ga masu haɗari: katangun tsaro, rumbunan S3, taskar bayanai, da asusun ma'aikata na IAM.
4. A zaɓi yawan ɗauka. Akwai na kowane canji, akwai na sau ɗaya a yini. Ga abin da ya shafi tsaro, na kowane canji ya fi, domin ana iya buɗe ƙofa da safe a rufe da yamma, hoton yini ɗaya bai kama ba.
5. A ƙirƙiri sabon rumbun S3 na musamman domin tarihin. Kada a haɗa shi da rumbun hotunan manhaja.
6. A tabbatar, a jira 'yan mintoci ya zagaya ya ɗauki hoton farko.

Don ganin tarihi, a shiga Resources, a zaɓi kadarar, a danna Resource Timeline. Za a ga canje-canjen a jere, tare da umarnin CloudTrail da ya jawo su.

Mai amfani da layin umarni yana iya neman duk lokacin da aka buɗe wata ƙofa da wannan:

aws cloudtrail lookup-events --lookup-attributes AttributeKey=EventName,AttributeValue=AuthorizeSecurityGroupIngress

Idan kuma rumbu ake zargi, sai a sa PutBucketPolicy a gurbin sunan ƙarshe. A lura da agogo: ainihin rajistar da lokacin UTC ake rubuta ta, agogon Najeriya da Nijar kuwa yana gaba da awa 1. Idan aka ga 22:30, to ƙarfe 11:30 na dare ne a Sifawa. Wannan awa ɗaya tana iya sa a ɗora laifi kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Dokoki da ƙararrawa

Tarihin da ba wanda yake karantawa amfaninsa kaɗan ne. Shi ya sa Config yake da dokoki. Doka tana duba saiti ta ce ya dace ko ya saɓa. AWS ya riga ya rubuta da yawa, zaɓa kawai ake yi. Waɗannan 5 sun ishi mai farawa:

- s3-bucket-public-read-prohibited: tana kama rumbun da kowa zai iya karantawa.
- restricted-ssh: tana kama ƙofa ta 22 idan an buɗe ta ga duniya.
- rds-instance-public-access-check: tana kama taskar bayanan da ake iya kaiwa gare ta daga waje.
- root-account-mfa-enabled: tana duba ko babban asusu yana da tabbaci na biyu bayan kalmar sirri.
- cloudtrail-enabled: tana duba ko littafin maigadin kansa yana aiki.

Biyun farko kaɗai da sun ceci matashin Sifawa.

Don saƙo ya riƙa zuwa, sai a ƙirƙiri tashar sanarwa a SNS, a sa adireshin imel, sannan a haɗa ta da EventBridge yadda za ta yi ƙara kawai idan wata doka ta koma matsayin saɓawa. Kada a ce kowane canji ya turo saƙo. Cikin mako ɗaya akwatin imel zai cika, mutum ya daina dubawa, ranar da na gaske ya zo ya wuce shi.

Ana iya sa Config ya gyara da kansa, misali ya rufe rumbu da zarar an buɗe. Amma mai koyo ya fara da sanarwa tukuna. Gyaran kai tsaye yana iya rufe abin da aka buɗe da gangan, manhaja ta tsaya ana tsakiyar rajista.

Nawa ne kuɗinsa?

Config ba kyauta ba ne, kuma da dala ake biya. A farashin da AWS ya wallafa, kowane hoton canji ɗaya dala 0.003 ne a tsarin kowane canji, duba doka sau ɗaya kuma dala 0.001 ne a matakin farko. Ke nan canji 1,000 dala 3. Ƙaramar manhaja irin ta ƙungiyar manoma da wuya ta kai haka a wata. Inda kuɗi ke hawa shi ne idan akwai kadarorin da ake ƙirƙira ana gogewa ba ƙaƙƙautawa. Don haka a kafa iyaka a AWS Budgets tun ranar farko, a kuma leƙa shafin farashi kafin a kunna. Tarihin da Config ya tara yana zama shekara 7 idan ba a canza ba, ana iya rage shi har zuwa kwana 30.

Idan ba AWS ake amfani da shi ba

Dabarar ɗaya ce, suna ne ya bambanta.

A Google Cloud, rajistar Admin Activity tana kunne kullum, ba a iya kashe ta, kuma tana ajiye kwana 400. Cloud Asset Inventory kuma yana riƙe tarihin saitin kadarori na kwana 35. A Microsoft Azure, Activity log yana riƙe kwana 90.

Matasa da yawa da Firebase suke farawa, don shi ya fi sauƙin haɗawa da manhajar Android. A nan haɗarin yana cikin dokokin shiga taskar bayanai. Idan aka zaɓi yanayin gwaji, taskar tana buɗe ga kowa na kwana 30. Da wa'adin ya cika manhaja ta daina aiki, sai wasu su yi gajen haƙuri su rubuta wannan:

allow read, write: if true;

Wannan layi yana nufin duk wanda ya san adireshin taskar yana iya karantawa, ya rubuta, ya goge. Shafin Rules na Firestore yana ajiye jerin dokokin da aka taɓa wallafawa da lokutansu, ana iya buɗe tsohuwa a gwada da sabuwa. Duk mai manhaja a Firebase ya leƙa wannan shafi yau.

Rubuta saiti a fayil

Kundin da aka ambata a sama suna faɗin abin da ya faru. Ba sa faɗin dalili. Don haka ƙwararru suke rubuta saitinsu a fayil maimakon danne-danne da hannu. Kayan aiki irin su Terraform, wanda ya fito a 2014, ko CloudFormation na AWS, suna karanta fayil ɗin su gina kadarorin daidai da shi. Fayil ɗin kuma ana ajiye shi a Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke riƙe kowane gyara da sunan mai gyara da bayanin dalilinsa.

Fayil ɗin ya zama littafi na asali, girgije ya zama kwafi. Idan wani ya shiga da hannu ya canza wani abu, kwafi ya karkace daga asali. Umarnin terraform plan shi ne muƙabalar: yana gwada biyun ya nuna inda suka saɓa. Wanda bai kai nan ba tukuna, ya fara da ƙarami. Ana iya sa Git a wayar Android ta manhajar Termux. Ko littafin rubutu na makaranta ma ya isa: kwanan wata, abin da aka canza, dalili, da ranar da za a mayar idan na wucin gadi ne.

Kurakurai 4 da ke ɓata tarihin

Na ɗaya, raba kalmar sirri ɗaya. Idan mutum uku suna shiga da babban asusu, rajista za ta ce babban asusu ne ya yi, ba za ta ce wane ba. Kowa a buɗe masa nasa a IAM, da iyakar abin da aikinsa ke buƙata. Wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar.

Na biyu, barin rumbun tarihi a hannun kowa. Ɓarawo mai wayo yakan fara da kashe rajista ko goge ta. A taƙaita masu iya taɓa wannan rumbu, a kunna tantance sahihancin fayil a CloudTrail, a kuma sa ƙararrawa kan umarni biyu: StopLogging da StopConfigurationRecorder.

Na uku, mantawa da sauran yankuna. Wanda ya saci mabuɗin asusu yana iya buɗe manyan sabobi a yankin da mai shi bai taɓa leƙawa ba, ya haƙi kuɗin kirifto, lissafi ya faɗo kan mai asusu. Trail ɗin da aka ƙirƙira ya kasance na duk yankuna.

Na huɗu, zaton tarihin saiti ya san komai. Config zai nuna an buɗe rumbu ranar kaza, amma ba zai nuna wa ya sauke wane hoto ba. Wannan sai an kunna rajistar shiga rumbun daban. Haka kuma tarihin saiti ba kwafin bayanai ba ne. Idan aka goge taskar, Config zai faɗi yadda take, amma ba zai dawo da sunan manomi ko ɗaya ba.

Me doka ta ce?

A Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su, mai riƙe da bayanan ya sanar da hukumar cikin awa 72 daga lokacin da ya sani. Ga manyan masu riƙe da bayanai, tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Wanda zai kai rahoto dole ya iya faɗin abin da ya faru da irin bayanan da abin ya shafa. Ba tare da tarihi ba, awa 72 za su ƙare ana cikin laluben duhu.

Aikin gwaji a waya

Ko wanda bai taɓa buɗe asusun AWS ba yana da kadara a girgije: asusun Google ɗinsa. Ga gwaji na minti 15:

1. A buɗe myaccount.google.com, a shiga ɓangaren Security. A duba Recent security activity da jerin na'urorin da ke shiga asusun. Duk wadda ba a gane ba, a fitar da ita, a canza kalmar sirri.
2. A buɗe Google Drive, a zaɓi fayil mai muhimmanci, kamar hoton takardar makaranta ko katin shaida. A danna ɗigo uku, a shiga Manage access. Idan an rubuta Anyone with the link, to wannan shi ne ƙaramin rumbu buɗaɗɗe. A mayar da shi Restricted.
3. A nan cikin ɗigo ukun, a duba Details & activity don ganin wa ya taɓa fayil ɗin kuma yaushe.
4. A WhatsApp, a shiga Linked devices. Wanda ya taɓa haɗa wayarsa da kwamfutar shagon intanet lokacin rajistar JAMB ko neman aiki ya tabbatar ya fita.
5. A rubuta abin da aka tarar da kwanan wata. Bayan wata ɗaya a sake dubawa, a gwada da na farko.

Wanda ya yi mataki na biyar ya riga ya kama kan darasin, domin abin da Config yake yi ke nan, sai dai shi ba ya barci. Masu koyon aikin girgije, ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ko da kansu a gida, za su tarar cewa gina sabar abu ne da ake koya cikin kwanaki. Abin da ke sa a ba mutum amanar bayanan jama'a shi ne ranar da shugaban ƙungiya ya tambaye shi wa ya taɓa saitin, ya buɗe waya ya nuna masa rana da lokaci. Mai manhaja a girgije ya kunna rajistar yau, tun littafin bai zama abin nema ba.